Taswirar da Hajiya Ta Share

Boksina tsohuwa ce, amma ba don tsufa aka san ta a Gadarif ba, don murya aka san ta. Boksi ita ce ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da muke loda wa buhunan riɗi da dawa. Tawa, da zarar na murɗa makulli, sai ta ɗauko wani kuka mai tsini, ƙiiii, kamar an take wa kyanwa wutsiya a cikin garwa, a ƙarƙashinsa kuma wani ƙaras-ƙaras kamar ana soya tsakuwa a kasko. Shekara biyu tana haka. Jakuna na ba ni hanya tun ban karyo kwana ba.

Ni kuwa kada wani ya ɗauke ni jahili a harkar inji. Karatuna aji huɗu ne, na biyar ɗin ma na leƙa shi ta taga ba sau ɗaya ba. Na san a gaban injin akwai wata baƙar igiyar roba, ser muke ce mata, tana zagaye wasu 'yan ƙafafun ƙarfe da ake kira bakara tana juya su. Don haka na yi wa motata magani irin na masana. Na goga wa ser ɗin sabulu, ta yi shiru daga ƙofar gida zuwa masallaci. Na goga kyandir, ta yi shiru har bakin kasuwa. Na ɗiga man riɗi, wanda kakata ta ce babu ciwon da ba ya jin maganarsa, sai ta ƙara sabon sauti a kan biyun da take da su.

Shekarar da yaƙi ya tashi, ƙanin matata ya iso mana daga Khartum da matarsa da 'ya'ya huɗu, da ƙullin kaya ɗaya, da akwatin sufanu da ya rungumo kamar jariri. A can yana da warsha tasa ta kansa, wurin gyaran mota mai rumfa uku, shekara ashirin ba a kiran sunansa sai dai a ce Usta, wato gwanin makanikai. A nan kuwa ba a sanin usta da bakinsa, da motar da ya gyara ake saninsa. Duk warshar da ya shiga sai a tambaye shi, motar wa ka taɓa a garin nan? Babu. To wa zai ba ka tasa ka fara da ita? Shi ma babu. Farkon zuwansa ya yi mini tayi sau biyu zai duba boksina, na ce masa a'a, ni ne likitanta. Wannan kunyar tawa ce, na rubuta ta nan don kada wani ya riga ni faɗa.

Ya zauna a kan angareb, gadon igiyar da ke ƙarƙashin darbejiyar gidana, ya fi shekara. Ina tsokanarsa kullum, don ƙanin mata abin tsokana ne, halal ne kamar ruwan rijiya. Yana dariya, amma irin ta baƙo, wadda ba ta wuce haƙori.

Wata Talata, muna wanke hannu bayan abincin rana, ya ce mini, "Yaya, na ba da sunana. Ranar Asabar motar masu yankan riɗi za ta tashi zuwa Simsim, da ni za a. Akwatin nan kuma zan kai shi kasuwa, ya isa haka."

Yankan riɗi ba abin kunya ba ne, ni ma da lauje na fara. Amma na san mutumin da ya sayar da sufanunsa yana da shekara hamsin ba zai sake sayen wasu ba. Sai na shiga tunani, abin da Hajiya matata take cewa shi ne mafarin kowace masifa a gidanmu.

Washegari na tafi wurin mai jabana, mai dafa gahawan nan na bakin kasuwa, inda tsofaffi ke shan gahawa suna gyara duniya. Na jira aka cika, na buga sandata a ƙasa.

"Jama'a, sanarwa. Gobe Alhamis bayan la'asar, a tsakar gidana, Ustan Khartum zai rufe wa boksina baki. Duk mai kunne ya zo da shi."

Aka kwashe da dariya. A cikinsu akwai wani Alhaji mai manyan motoci uku, abokina tun muna samari, mutumin da yabo yake fita daga bakinsa da ƙyar kamar haƙorin hankali. Ya kurɓi gahawarsa ya ce, "Ya zol, kai mutumina, wannan ba gyara take so ba, likkafani take so. Makanikai nawa suka ji kukanta suka sauya hanya? In surukin naka ya sa ta yi shiru, ya zo ya same ni."

Abin da nake so in ji ke nan. Na dawo gida ina taka ƙasa kamar ni na shimfiɗa ta.

Usta ya dafe kai. "Yaya, gari ka tara mini?"

"Rabin gari. Sauran rabin kurame ne, boksina ta gama da su."

"In ta ƙi fa? A gaban kowa?"

"In ta ƙi, sai mu tafi Simsim tare, kai kana yanka ni ina ba ka shawara."

Da safen Alhamis ya buɗe gaban motar ya ce in tayar. Ta ɗauko waƙarta. Ya zaro wata doguwar sukurdireba, yana ɗora bakinta a kan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ƙotar kuma a kunnensa, ido a rufe kamar mai sauraron karatu. Ya yayyafa ruwa a kan ser, kukan mai tsini ya ɗauke na ɗan lokaci, ƙaras-ƙaras ɗin bai ɗauke ba. Sai ya nuna mini wani abu mai kama da guntun hannu, da 'yar bakara a ƙarshensa tana ta karkarwa.

"Shaddad ne. Shi ne yake tokare ser ɗin don ya zauna tam. Ƙarfinsa ya ƙare, 'yar ƙafarsa kuma ta bushe daga ciki. Ser ɗin ma sai sabo. Wa ya zuba masa mai?"

"Maƙiya," na ce.

Kafin ya cire, sai ya tsaya yana shafa aljihu. Ya ce a warsha hoto yake ɗauka na yadda ser ya bi bakarorin nan, don hanyar tasa mai lauye-lauye ce, amma wayarsa an karɓe ta a hanyar fitowarsu. Tawa wayar kuwa mai maɓallai ce, ilminta ya tsaya a tocila.

"Ko takarda da biro, Yaya. Kaina ba kamar da ba ne. Tun da muka fito, abu yakan zame mini."

Ya faɗe ta a hankali, yana kallon injin. Ni kuwa maimakon in ɗauko takarda kamar mai hankali, sai girman kai ya hau ni.

"Takarda? Shekara arba'in ina raba iyakar gonaki da yatsa a ƙasa, daga nan har Fau, ba a taɓa kai ni gaban alƙali ba. Matsa."

Haka muke, duk maganar da ta yi tsawo sai mu durƙusa mu zana ta a ƙasa. Na ɗauki ƙusa na durƙusa a gefen tayar gaba, na zagaya da'irori bakwai, manya da ƙanana, kowace a mazauninta, na ja layin ser yana bi ta bisa wannan, ta ƙarƙashin wancan. Usta ya duba inji, ya duba ƙasa, ya ce tamam, ya yi daidai. Wallahi taswira ce da ta cancanci a rataye ta a makaranta. Na ja da baya na kalle ta har sau biyu. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban gaya wa Hajiya ba.

Ya sassauta shaddad da dogon ƙarfe, ya zare ser, ya kwance ƙusoshi biyu, tsohon shaddad ɗin ya faɗo hannunsa. Ya juya 'yar ƙafar kusa da kunnena, tana ƙara kamar goran da aka zuba wa tsakuwa. Muka naɗe shi a tsumma muka hau raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, zuwa kasuwar kayan gyara, don a nan ba a sayen ƙarfe da suna, tsohon ake kaiwa a kara shi da sabon. Shagon farko ramin ƙusar bai zo daidai ba. Na biyu mai shagon ya rantse da 'ya'yansa nasa zai shiga in an ɗan daka da guduma. Usta ya ajiye masa abinsa muka fita, na lura kafaɗarsa ta ɗan miƙe. Sai bayan azahar muka samu a wani lungu, muka haɗa da sabon ser. Muka tsaya cin ful, dafaffen waken nan, na tsaya gaisawa da mutum goma sha, na ƙara gayyatar biyar. La'asar a masallacin kasuwa muka yi ta.

Tun daga ƙofar gida na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, na tuna da taswirata.

Kowane gida a garin nan, in rana ta yi sanyi, ana share tsakar gida a yayyafa ruwa kafin a fito da gadaje. Balle ranar da maigida ya gayyato rabin gari. Hajiya ta share gidan nan har ƙarƙashin mota, ta yayyafa ruwa, ta jera angareb shida. Tsofaffi sun cika su, gahawa na zagayawa. Alhaji mai motoci kuwa, da duk nauyin da Allah ya ba shi, a daidai kan taswirata aka ajiye shi.

Na sulale zuwa madafa.

"Hajiya, ina taswirata?"

"Wace taswira kuma?"

"Ta gefen taya! Da'irori bakwai!"

"Au, ƙwan zabin nan da aka jera a ƙasa? Na ɗauka jikokinka ne suka yi wasa. Malam, ka kira mini baƙi sannan ka ce kada in yi shara? Karɓi tiren nan ka kai musu."

Na fito da tire. Usta ya dube ni, ya dubi ƙasa mai sheƙi, fuskarsa ta yi fari-fari. Na raɗa masa, "Kada ka damu, tana nan cikin kaina, layi-layi."

Allah ya gani, na yarda da abin da na faɗa.

Ya ɗaura sabon shaddad. Nan na ga hannun da ake ba da labari: ƙusa ta shiga da yatsa, sufana ta bi ta, ƙwas, ƙwas, ko kallon hannun ba ya yi. Tsofaffi suka taso suka kewaye motar, kowa da kofinsa. Ya ɗauko sabon ser ya tsaya da shi. Na gyara rawani, na ɗaga sanda kamar mai koyar da aji.

"Fara da babbar ta ƙasa. Yauwa. Hau ta dama. Yanzu ka zagayo ta bisa ta tsakiyar nan, mai fanka."

Hannunsa ya tsaya.

"Yaya, ta bisa? Ka tabbata?"

Ido goma sha ya juyo kaina. "Ni na zana ta da hannuna! Ta bisa!"

Wanda ba namu ba zai ce, to shi da yake usta me ya hana shi ya musa? Mutum ne da yake cin tuwon gidana da iyalinsa shekara da watanni. Ni mijin yayarsa ne, ga furfura, ga dattawan unguwa a tsaye. A wajenmu ƙaryata irin wannan mutum a bainar jama'a ya fi haɗiye garwashi wuya. Ga shi kuma bai amince da kansa ba. Ya sunkuyar da kai ya bi ta bisa. Ya ja shaddad da dogon ƙarfe, ser ya shige, ya zauna tam. Wannan shi ne sharrin abin: ya zauna.

Na shiga na yi bismillah na murɗa makulli.

Na ɗauka ba ta tashi ba. Na kusa sake murɗawa sai na ji sitiyari na rawa a hannuna. Inji na aiki, yana wani gurnani mai laushi kamar kyanwar da ta ƙoshi. Babu ƙiii, babu ƙaras. A karo na farko cikin shekara biyu na ji kukan kurciya a gidana mota na kunne.

Gidan ya kece. Tsofaffi suka ɗaga hannu suna kaɗa yatsu a saman kan Usta, suna yi masa barka irin ta nan, "Abshir! Abshir!" Hajiya ta rangaɗa guɗa daga madafa, matar Usta ta amsa mata. Ni na diro daga mota da sanda a sama, na taka rawar da ban taka ba tun bikin 'yata ta fari, gwiwar da ke damuna ta manta da kanta. Wani tsohon tela da ya tsaya a gaban motar, jallabiyarsa na kaɗawa, ya ce, "Ma sha Allah, har iska take ba mu!"

"Aikin Khartum ke nan," na ce. "Gyara ɗaya, fanka kyauta. Matso ku sha."

Suka matso kuwa, tsofaffi huɗu a jere a gaban boksina suna shan iska. Alhaji mai motoci ya miƙe da ƙyar, ya miƙa wa Usta hannu ya ce, "Gobe da safe ka zo ka same ni."

Shi ke nan, magana ta ƙare, an samu abin da ake nema. Abin da ya rage wa Usta shi ne ya karɓi hannun nan ya ce in sha Allah.

Bai karɓa ba. Ya zagaya, ya zura hannu ta taga, ya kashe motar.

"Yaya, ka yi mini afuwa. Ba haka ser ɗin yake bi ba."

Sandata tana sama har lokacin. Na sauke ta a hankali.

"Usta, motar ta yi shiru fa. Kowa ya ji."

"Ta yi shiru. Sake tayarwa, ka zo ka gani."

Na tayar. Ya kama jelar rawanina, a kaina, a gaban mutane, ya ja ni kamar rago zuwa gaban motar ya saki jelar. Iska ta hure ta baya, ta make ni a fuska.

"Fankar nan jan iska take yi zuwa ciki don ta sanyaya ruwa. Yanzu turo ta take yi waje, da baya take juyawa. Famfon ruwan injin a bayanta yake, shi ma da baya yake juyawa. A tsaye ba za ka sani ba. Ka ɗora buhu goma ka hau hanya, kafin ka bar gari ta tafasa, kan injin ya ƙone." Ya juya wajen Alhaji. "Ya Hajj, ni na sa da hannuna. Zuciyata ta gaya mini ba daidai ba ne, na yi shiru. Laifin nawa ne."

Ba zan ɓoye ba, abin ya soke ni. Tsoho da rawaninsa, an ja shi a gaban tsararrakinsa. Amma muryar da na ji ba ta mutumin kan angareb ba ce. Murya ce mai rumfa uku, wadda ta saba cewa a miƙo sufana a miƙo. Sai na ji dariya na taso mini tun daga cibiya, na kasa riƙe ta.

"Jama'a, ku shaida, jarrabawa ce na yi masa! Da gangan na ce ta bisa!"

"Ƙarya yake!" in ji Hajiya daga madafa, ba ta ko leƙo ba.

Usta ya kashe motar, ya zare ser. Bai tambayi kowa ba. Ya rufe ido ya bi bakarorin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana magana kamar da kansa yake. Mai tsaga-tsaga cikin ser take so, don shi ma tsaga gare shi. Mai santsi bayan ser take so. Ta fankar nan sumul take, ashe ta ƙarƙashinta ser zai zagayo ya goge ta da bayansa. Tsofaffi suka yi ta gyaɗa kai, kowa na cewa dama shi ma ya lura, kunya ce ta hana shi magana. Tela ya ce shi tun da iskar ta taɓa shi ya ji ba ta halal ba ce.

Ya ja shaddad, ser ya shige. Na tayar. Shiru, kamar na farko. Wannan karon ni da kaina na kai jelar rawanina gaban motar, don in nuna ba na jin tsoron ilmi. Iska ta fizge ta ta manna a jikin ragar gaba, rawanin ya warware ya bar mini kai tsirara, sanƙona na ɗaukar ido. Tsofaffi suka zube a kan gadaje suna riƙe ciki. Usta ma ya yi dariya har ya dafa motar, har sai da ya share ido da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatu.

Ya bar ta tana aiki, hannunsa a kan bututun ruwa, idonsa a kan allurar zafi, har muka shanye wani zagayen gahawa. Allurar ta hau tsakiya ta zauna.

Alhaji mai motoci bai yi dariya ba, dama ba ya yi a gaban mutane. Ya ajiye kofi ya ce, "Na ce ka zo gobe. Na fasa." Ya bari sai da numfashin kowa ya tsaya, mugun. "Ɗauko akwatinka mu tafi yanzu. Akwai motar da take tafasa mini mako biyu, an taru a kanta an rasa gane kanta. Wannan tsohon kuma kada ya biyo mu."

Matar Usta ta fito da gudu da buta da sabulu. Ya dubi hannayensa baƙi ƙirin har gwiwar hannu, ya ce, "Bar su, can ma haka za su koma." Ya ɗauki akwatin. A bakin ƙofa ya juyo.

"Yaya, mai rubuta sunayen masu yankan riɗi yana bayan tasha. Ka je ka ce ya cire nawa."

"Da wace mota?"

"Da taka. Amma kada ka buɗe gabanta."

Na naɗa rawanina yadda ya samu, tsofaffi uku suka haye baya, muka tafi kafin magariba. Na sami mutumin a kan benci da littafinsa a cinya. Ya nemo sunan ya ja masa layi, ya tambaye ni ko lafiya, don ba a cika fasawa ana saura kwana biyu ba. Na gyara murya na gaya masa gaskiya, cewa surukin nawa ciwon hannu ne ya same shi ɗazu bayan la'asar: sufana ce ta maƙale masa a tafi, mun taru mun ja, mun ja, ta ƙi fita.